Kunne Huɗu da Gaisuwar Hajiya

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina ina ganin babu matsalar da kwamfuta ba za ta warware ba, ni da wani abokina muka kama ɗan shago a unguwar Narayi da ke Kaduna, tsakanin wani mai aski da wata mata mai sayar da ruwan leda. Abokin nawa mutumin Filato ne, tare muka yi karatu, kuma shi ne mai haƙurin cikinmu. Ni kuwa baki ne nawa. Sana'armu ita ce rubuta manhajojin waya irin waɗanda ake yi wa magana maimakon a danna. Duk wanda muka yi wa bayani a lokacin sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba da sa'a, irin addu'ar nan da ake yi wa wanda aka riga aka san ba zai kai labari ba.

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake aiki, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Wayar da ke hannun mutum ba ita ke gane magana ba, ƙarfinta bai kai ba, balle irin ƙananan wayoyin da mutanenmu ke riƙewa. Sautin kawai take ɗauka ta turo shagonmu, wurin wata babbar kwamfuta da muka saya ta hannu muka ɗora a kan benci, muka kafa mata fanka ita kaɗai, mu muna zufa. Ita ce ke saurare ta gane abin da aka ce, ta mayar wa wayar. Sai dai mutum huɗu kacal take iya saurare a lokaci guda. Mu a shago kunnuwa muke ce musu. Kunne huɗu gare mu, na biyar sai ya jira.

Manhaja uku ne ke cin abinci a kan kunnuwan nan. Akwai ta masu sayar da kayan gyaran mota a Sabon Tasha da Kakuri, mutum hannunsa duk baƙin mai zai tambayi waya ko akwai abu kaza a sito ta faɗa masa. Akwai ta direbobin da ke ɗauko kaya daga kamfanonin Kudenda. Waɗannan biyun su ke riƙe da shagon. Ta ukun kuwa ta tsofaffi ce, babu wanda ya sa mu yin ta, ni na ƙirƙiro ta saboda mahaifiyata. Don kada manhajojin su yi ta kokawa a kan kunnuwa, abokina ya rubuta wani ɗan tsari ya sa a tsakaninsu, muka raɗa masa suna ɗan kamasho, saboda aikinsa ɗaya da na tasha: wa ke kan layi, wa ya yi lodi, wa zai tashi. Dokarsa kuma ɗaya ce. In an ba ka kunne ka faɗi buƙatarka ka saki. In ka tsaya kame-kame, a ƙwace a ba na bayanka.

Mahaifiyata tana Unguwar Mu'azu, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari, tare da ƙanena da matarsa. Ciwon suga ya taɓa mata ido. Tana ganin haske, tana gane inuwar mutum a bakin ƙofa, amma lambar waya ta gagare ta. Ga ta kuma mace ce da ba ta iya cewa a yi mata ba. Tana da ƙanwa a Zariya, tun ina yaro ban san safiyar da ba su ji muryar juna ba, ko da kuwa hirar ba ta wuce tsadar tumatir ba. Da idon ya yi rauni, sai ta gwammace kwanaki su wuce ba su gaisa ba da ta riƙa kiran surukarta daga kicin ta zo ta danna mata waya. Ba ta taɓa cewa abin yana damunta ba. A fuska muka gani, da yadda abinci ya fara dawowa daga ɗakinta da saura.

Na haɗa mata wayar yadda maɓalli ɗaya kawai za ta danna, na liƙa masa ɗan salatif don ta ji shi da yatsa. Ta danna, ta ce a kira mata ƙanwarta, shi ke nan. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, don haka a wayar ma "wannan yaron" na rubuta wa kaina. Ranar farko komai ya tafi daidai, saboda ina zaune kusa da ita ina faɗa mata abin da za ta ce. Na koma Narayi ina ta hura hanci, har na saya wa abokina tsire.

Bayan kamar mako guda matar ƙanena ta kira ni ta ce Hajiya fa ta tura wayar ƙarƙashin filo, ta ce kada wanda ya sake kawo mata maganarta. Na je da safe. Bayan mun gaisa na tambaye ta ko wayar ta lalace ne.

Ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Tarbiyya ce babu."

Na ce ta gwada in gani. Ta laluba ta ciro ta, ta gyara mayafi kamar mai baƙo, ta danna. Ta ce, "Salamu alaikum." Ta yi shiru tana jira. Ta ce, "Ina kwana?" Ta sake jira. Tana cikin "an tashi lafiya" wayar ta yi ɗan ƙara ta katse. Ɗan kamasho ya ga ba a faɗi buƙata ba, ya ƙwace kunnen.

Dariya ta ƙwace min, na ce, "Hajiya, ai ba mutum ba ne, inji ne. Aikensa kawai za ki yi."

"Yana ji?"

"Yana ji."

"To abin da yake ji ba a afka masa da aike babu gaisuwa. Ni ba haka aka koya min ba, kuma ba da tsufana zan koyi wani hali ba. Ɗauki abinka."

Na san Hajiya, in ta ce haka ta gama. Na koma shago na ba abokina labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce to mene ne a ciki, tsohuwa ɗaya ce, a bar mata kunne ɗaya ta yi yadda take so, ai saura uku. Muka cire wa manhajar tsofaffi dokar ƙwace kunne, muka koya wa kwamfutar ta riƙa amsa gaisuwa da wata murya irin ta inji, mai kama da ta mai mura. Hajiya ta gwada, aka amsa mata sallama, aka ce mata lafiya lau. Ta ce yanzu ta ji magana. A ranar ta kira Zariya da kanta, ina tsakar gida ina jin dariyarta, har sai da na juya baya na yi kamar ina duba famfo.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne Hajiya tana da ƙawaye, kuma ba ta iya cin daɗi ita kaɗai. Kafin wata ya zagayo matan da suke karatun safe tare sun fara aiko 'ya'yansu da wayoyi a sa musu. Abokina ma ya sa wa wata gwaggonsa, ita kuma ta kai labari zumuntar mata ta cocinsu, sai ga wasu tsofaffin. Gaisuwar kuwa duk ɗaya ce, ko daga masallaci aka fito ko daga coci. Kuma dukkansu lokaci guda suke ɗaukar waya: hantsi, bayan an sha koko an zauna, daidai lokacin da ake ɗaga ƙofofin shaguna a Sabon Tasha.

Wata Litinin da safe sai ga babban cikin masu kayan gyaran mota ya faɗo mana shago. Ibo ne, ya fi shekara ashirin a Kaduna, Hausarsa ta kasuwa ce mai gudu. Bai ko zauna ba.

Ya ce, "Oga, wane irin abu ne wannan? Kwastoma yana tsaye gabana, ina tambayar waya ko akwai kaya, waya tana ce min in jira. In jira wa? Mutum ya tafi shagon gaba. Yau ba na farko ba, ba na biyu ba. In abinku ya gaji ku faɗa min, mu koma yadda muke yi da."

Abokina ya ba shi haƙuri, ya raka shi har bakin titi, ya yi alkawarin kafin wata Litinin za a gyara. Da ya dawo sai ya juyo min da allon kwamfuta. Kunnuwa huɗun duk suna hannun manhajar tsofaffi, ga masu kayan mota da direbobi sun yi layi a baya.

Ya ce, "Mutumina, Mama ce da jama'arta. Ana tambayar inji ya kwanan iyali."

Ban yi dariya ba, don na san inda maganar za ta. Sayen wata kwamfutar ba ya cikin zance, wannan ɗin ma da ƙyar muka same ta. Hanyar da ta rage ita ce a mayar da dokar ƙwace kunne a kan kowa. Abokina ya ce gaskiya ɗaya ce, masu kayan mota su ne shagon, in suka tafi babu kwamfuta, babu kunne ko ɗaya, har na Mama. Ni kuma na ce ranar da wayar ta sake katse ta a tsakiyar gaisuwa, ranar za ta koma ƙarƙashin filo, kuma ba za ta sake fitowa ba. Na ga yadda ta rame a watannin da ba ta kiran Zariya, ba zan mayar da ita can da hannuna ba. Ya ce to in kawo dabara. Na ce shi ya rubuta ɗan kamasho, shi ya kawo. Ranar dai kowa shinkafarsa ya ci shi kaɗai, mai aski ma sai da ya leƙo ya tambaya ko an yi mana rasuwa ne.

Kwanaki suka yi ta tafiya muna gwada wannan muna gwada wancan. Muka ce a ware wa tsofaffi kunne ɗaya tak, sai ya zama in ɗaya ta kama, sauran su danna su ji shiru, su ɗauka an raina su. Muka ce a roƙe su su riƙa bari sai azahar. Na kai wa Hajiya wannan shawarar, ta tambaye ni ko a garinmu da azahar ake cewa ina kwana. Ina ganin Litinin tana matsowa, raina duk a jagule.

Ranar Juma'a da yamma abokina ya ce in kai shi ya gaida Mama. Na ɗauka zuwa zai yi ya lallashe ta, na ce a raina je ka gwada, ai ba ka san ta ba. Muka tafi Asabar da safe, ya sayi lemo da burodi a hanya. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya tsugunna, ya ce, "Mama, ina kwana?" Daga nan aka ɗauko. Ya gida, ya aiki, ya mai ɗakin naka, ya 'yan yaran, ya mutanen Jos, ana ruwa a can kuwa, ya ƙoƙari da wannan abokin naka mai taurin kai. Shi kuma yana ta lafiya lau Mama, mun gode Allah Mama, kansa a sunkuye. Bai ce mata uffan a kan waya ba. Ya sha kunu, ya yi sallama, muka fito.

Muna cikin keke a hanyar komawa, wajen Kakuri, ya taɓa ni.

Ya ce, "Ka san wani abu? Rabin gaisuwar nan hankalina yana kan matsalar shago, ban ji duk abin da Mama take cewa ba. Amma ka ji na yi kuskuren amsa ko ɗaya?"

Na ce ban ji ba.

Ya ce, "To gaisuwa ba ta buƙatar babban kunne. Kowa ya san amsar tun kafin a tambaya. Abin da ake so shi ne ka jira mutum ya gama, ka amsa masa da ladabi. Wannan kuwa wayar ma za ta iya ita kaɗai. Ba sai ta gane me aka ce ba, ta dai san an yi magana, ta san an yi shiru."

 Ni da aka haifa cikin gaisuwar nan, nake yin ta kullum, ban taɓa tsayawa na kalle ta ba. Kafin mu iso Narayi mun gama tsara abin da baki. Wayar za ta riƙe tsohuwa da gaisuwa ba tare da ta taɓa kwamfutarmu ba. Sai an gama, an zo kan aike, sannan ta je wurin ɗan kamasho ta karɓi kunne na ɗan lokaci, ta saki.

Tunda amsoshin a cikin wayar za su zauna, muka ce a sa muryar mutum, a huta da mai mura. Abokina ya ce ni zan yi, Hausarsa ta Jos za ta sa Mama ta yi ta gyara masa. Muka roƙi mai aski ya rage rediyo, muka kashe janareta, na zauna ina ta faɗa wa waya lafiya lau, ba gajiya, da godiya, mai ruwan leda tana leƙe ta taga tana tunanin ko na fara taɓuwa. Ranar Lahadi da safe na kai wa Hajiya, ban faɗa mata abin da aka canja ba.

Ta danna, ta yi sallama, muryata ta amsa. Ta buɗe baki za ta ce ina kwana, sai ta tsaya.

"Muryar wa nake ji?"

Na ce, "Tawa ce, Hajiya," ina murmushi ina jiran yabo.

"Taka. To ni ce zan ce maka ina kwana?"

Matar ƙanena da ke bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi ta koma kicin da gudu. Hajiya ta miƙo min wayar ta ce lallai boko ya yi rana, yau ga uwa za ta gaida ɗanta yana amsawa daga kwance. Kunya ta kama ni kamar in nutse. A da injin baƙo ne, baƙo kuwa ana gaishe shi. Yanzu da ya zama ni, ai ni ne mai gaisuwa.

Na kira abokina daga tsakar gida, lokacin ya fito daga coci. Na ɗauka zai ce mun shiga uku, saura kwana ɗaya. Sai na ji yana dariya yana cewa Mama ta gama mana aikin. In wayar ce ke fara gaisuwa, ai ita ke jan ragamar hirar, ita za ta san inda za a tsaya. Za ta yi gaisuwar da aka saba, in ta kusa ƙarewa ta leƙa wurin ɗan kamasho. In akwai kunne, ta ce to madalla Hajiya, me za a yi miki. In duk suna hannun masu kayan mota, kada ta ce a jira, ta ƙara wata gaisuwar kawai, ta ƙara wata, har layi ya zo kanta.

Da yammar nan na sake zama na ɗauki gaisuwa tuli. Ina kwana, an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki, ya ƙafar, ya jikoki, ya zafi, ya ruwa, ya maƙwabta, ya mutanen Zariya. Kowace na fara ta da alhamdu lillahi, saboda na san ba za ta amsa ba tare da ta mayar min da tambaya ba. Da na rasa abin tambaya har kajinta na sa a ciki, na ce wannan ta can ƙarshe ce, da wuya a kai kanta. Na sauran tsofaffi kuma muka yi musu nasu, wasu Mama, wasu Baba.

Litinin ta zo ta wuce, ba mu ga mai kayan mota ba. Sai bayan kwana biyu ya biyo ta shagon, ya ce yanzu abin yana amsawa kafin ya rufe baki, me muka ƙara masa. Abokina ya ce tarbiyya. Bai gane ba, ya dai yi dariya ya tafi.

Hajiya kuwa ba ta ce abin ya yi kyau ba, ba halinta ba ne. Suna ta sa masa: yaron waya. In na je sai ta ce, "Yau kasuwarku ta cika ko? Na sani. Yaron waya har kaji ya tambaye ni." Ta gano da kanta cewa ranar da aiki ya yi mana yawa ita ce ranar da gaisuwa ke tsawo, kuma waɗannan ranakun ta fi so. Wani lokaci ta tsokane ni ta ce na wayar ya fi ni natsuwa, shi ba ya gaisuwa ƙafarsa ɗaya a waje. Ina dariya, amma ba zan ɓoye ba, na ɗan ji kishin yaron nan. Duk safiyar duniya yana ɗakinta, ni kuwa sai Asabar, wani makon ma sai Lahadi.

Wata rana abin ya ɗan tsaya min a rai, na ce mata, "Hajiya, kin dai san ba ni ba ne a ciki ko? Murya ce kawai aka ɗauka."

Ta ce, "Ido na rasa, ba hankali ba. Na sani sarai. Amma ai kai ka zauna ka faɗa, ko? Kai ka tuna ina da ƙafa mai ciwo."

Na ɗauki kofinta na ce bari in ƙaro mata ruwa.

Haka aka yi damina biyu. Daga baya jikin ya tsananta, aka kwantar da ita a asibiti, kwanakin ba su yi yawa ba Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki ƙanwarta ta riƙe hannuna ta ce tun daga lokacin da aka gyara wayar nan har ranar da aka tafi da ita asibiti, babu safiyar da ba ta kira ta ba, kuma da kanta, ba ta sa kowa ba. Wannan maganar ita na riƙe a kwanakin, ita ta sa na iya tsayawa ina amsa gaisuwar mutane.

Duniya ta ci gaba da tafiya. Aikinmu ya ɗan bunƙasa, muka koma hayar kunnuwa daga manyan injina na nesa, waɗanda ba a ƙirga musu huɗu ko biyar. Muka saki shagon Narayi, muka kashe tsohuwar kwamfutar. Abokina yana Abuja yanzu, muna waya, har yau in ya kira sai ya ja gaisuwa da gangan don ya ji na ce masa ya isa. Wayar Hajiya kuwa ni aka ba, na sa ta a durowa, na daɗe ban iya kallonta ba.

Wata rana da la'asar, gida ba kowa, kewar Hajiya ta taso min irin wadda ba ta sallama. Muryarta kawai nake son ji. Na ɗauko wayar na sa a caji, na shiga bincike. Babu komai. Hajiya ba ta taɓa aika saƙon murya ba, ta ce ita ba ta magana da wanda ba ya nan. Tsarinmu kuma tun farko ba ya ajiye sautin kowa, da an gane abin da aka ce ake zubar da shi, domin mutane maganar cikin gidansu suke yi. Har gobe ina ganin daidai muka yi. Amma a ranar na zauna da wayar a hannu, na gane cewa duk safiyoyin nan rabinsu kawai ya rage, kuma rabin nawa ne.

Salatif ɗin yana nan, ya yi baƙi saboda yatsanta. Na danna.

Muryata ta ce, "Hajiya, ina kwana?"

Ta yi shiru tana jira. Mun cire mata gaggawa da hannunmu, ba za ta katse ba, ba za ta wuce gaba ba sai an amsa. Na zauna a bakin gado ni da wayar, ɗakin tsit. Ban san lokacin da wani sauti ya kuɓuce min daga maƙogwaro ba. Wayar ba ta gane magana, ta dai ji an yi motsi an yi shiru, sai ta ɗauka an amsa.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki?"

A nan na kashe ta. Na san kwamfutar da take jira ba ta nan, layi ba zai taɓa zuwa kanta ba, haka za ta yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu a wurin aiki yara masu tasowa sukan tambaye ni me ya sa duk manhajar da na taɓa sai na bar wa mutum sarari ya gama maganarsa, alhali ana iya sa ta ta fi haka sauri. Nakan ce musu rabon kunne ba lissafi kaɗai ba ne, wanda ke jira a layi ma mutum ne, a san yadda za a zauna da shi. Sukan gyaɗa kai su rubuta, ni kuma ba na ƙara komai, don sauran labarin ba na ofis ba ne.

Ina kewarta, kuma abin mamaki ba manyan abubuwa nake kewa ba. Yadda take jan lafiya lau ɗinta nake kewa, da yadda take cewa ya aiki tana kallon gefe, kamar ba ta damu da amsar ba. Da za a ba ni safiya ɗaya, ba doguwar hira zan nema ba. In cire takalmi a bakin ƙofa, in tsugunna gaban gadonta, in ce Hajiya ina kwana, in yi shiru har ta amsa.